Kuskure a Littafin Yara Ba Ƙaramin Kuskure Ba Ne

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce na je gida Fadan Kaje, na tarar da ƙanwata 'yar aji huɗu na firamare tana fushi da Baba. Dalili kuwa shi ne an yi musu gwaji a darasin zamantakewa, aka tambaye su a wace jiha ƙauyen Nok yake. Ita kuma ta rubuta Kaduna, domin Baba ya sha gaya mana cewa idan ya je sarin citta a Kwoi, Nok na nan kusa, har ya taɓa shiga ƙauyen. Malaminsu ya soke amsar da jan biro, ya rubuta mata Filato. Da ta yi gardama sai ya buɗe littafi ya nuna mata. Tambayar da ta tare ni da ita ita ce: "Yaya, ashe Baba bai sani ba?"

Baba ya sani, littafin ne bai sani ba. Wannan ne ya sa na zauna na karanta littafin tun daga bango har bango, na haɗa da wasu ƙananan littattafan Hausa guda biyu da na samu a jakarta. A wannan 'yar maƙala zan kawo ire-iren kurakuran da na gani, da dalilin da ya sa nake ganin maganar ta shafe mu ɗaliban harshe fiye da kowa.

Kuskuren marubuci na nesa

Ƙauyen Nok yana cikin Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, a ƙasar al'ummar Ham. A shekarar 1928 aka fara tono sassaƙen gasasshen yumɓu a yankin, wajen haƙar kuza. A 1943 kuma aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka samu kusa da Jama'a, wanda kafin nan an kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumi. Fagg ne ya lura da kamannin waɗannan kayayyaki, ya raɗa wa al'adar sunan ƙauyen Nok. Shi ne kuma ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952, inda aka ajiye da yawa daga cikinsu. To daga nan ruɗanin ya samo asali. Marubucin da bai taɓa zuwa yankin ba ya ji cewa kayan Nok suna Jos, sai ya ɗauki ƙauyen ɗungurungum ya kai shi Filato.

Haka nan maganar sunayen al'ummomi. Littafin ya jera Kaje da Kataf da Jaba da Kagoro a matsayin ƙabilun kudancin Kaduna, bai ƙara komai ba. Gaskiya ne waɗannan sunaye suna nan a sunayen wurare, ga shi ma garinmu Fadan Kaje ake ce masa, ƙaramar hukumarmu kuma Zangon Kataf. Amma mutanen suna kiran kansu Bajju da Atyap da Ham da Agworok, kuma sarkinmu da ke Zonkwa Agwam Bajju ake kiran sa. Layi ɗaya ya isa a gaya wa yaro wannan. Yaron da ya nemi sunan da iyayensa ke kiran kansu a littafinsa ya rasa, zai ɗauka cewa sunan na gida ne kawai, bai kai a rubuta shi ba.

Kuskuren tsufa

Akwai kuma bayanin da gaskiya ne a lokacin da aka rubuta shi, amma zamani ya wuce shi. Nijeriya ta yi jihohi 12 a 1967, ta koma 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Taswirar da ke bayan littafin ƙanwata an rubuta mata jihohi 36 a sama, amma da na ƙirga ban ga Zamfara ba, ban ga Gwambe da Nasarawa ba. Tsohuwar taswira ce aka canja mata take. A wani shafin an ce duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, alhali tun watan Agusta na 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta cire Fuluto daga jerin, suka zama takwas. Ita kanta al'adar Nok, tsofaffin littattafai sukan ce ta fara ne wajen shekara 500 kafin Miladiyya. Binciken da masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a yankin tun 2005 ya mayar da farkonta baya zuwa wajen shekara 1500 kafin Miladiyya. Shekara dubu guda ke nan aka ƙara wa tarihin yankinmu, amma littafin yaranmu bai ji labari ba, saboda bango kawai ake sabuntawa duk shekara.

Kuskuren fassara da hoto

Wannan shi ne ya fi ba ni kunya, domin a littattafan Hausa na same shi. A shafin harafin "d" an rubuta damisa, aka sa hoton wata dabba mai zane-zanen ratsi a jiki. Wannan dabbar ta dazuzzukan Asiya ce, babu ita a dajin Afirka. Damisar da Bahaushe ya sani ɗigo-ɗigo gare ta. Mai fassara ya ga kalmar Turanci, ya duba ƙamus, ya ɗauki ta kusa, mai buga littafi kuma ya kwaso hoto daga kwamfuta. A shafin "r" an sa raƙumi mai tozo biyu, wanda shi ma na tsakiyar Asiya ne; raƙumin da ke shigowa kasuwannin Arewa tozo ɗaya gare shi. Ƙarƙashin hoton aka rubuta cewa raƙumi yana ajiye ruwa a tozonsa. Kowane mahauci zai gaya maka kitse ne a tozo. An kuma sa jemage cikin jerin tsuntsaye, alhali jemage haihuwa yake yi yana shayarwa, ba ya ƙwai.

Sai maganar lokutan shekara. Littafin ya ce damina tana farawa a watan Yuni. Ga yaron Katsina ko Sakkwato wannan daidai ne. A wajenmu kuwa ruwa yakan sauka tun watan Afrilu, ya kai har Oktoba. Kafin Yuni ta zo masara ta yi tsawo a gona. Da marubucin ya ce "a ƙasar Kano", ko ya ce farkon damina ya danganta da wuri, da babu laifi.

Uzurin da ake kawowa

Wani zai ce ai littafin yara ne, dole a sauƙaƙa, in sun girma za su gyara. Na yarda da sauƙaƙawa. Ba wanda ya ce a koya wa 'yar shekara tara yadda ake auna shekarun tukwanen yumɓu. Amma sauƙaƙawa ita ce a rage bayani ya yi daidai da ƙwaƙwalwar yaro, abin da ya rage kuma ya zama gaskiya. Cewa Nok na Kaduna bai fi cewa Nok na Filato wahalar haddacewa ba.

Batun gyarawa in an girma kuwa, Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni da kai idan muka ga kuskure a littafi muna da laburare, muna da malamai, muna da waya a hannu. Yaron ƙauye littafi ɗaya gare shi, wani lokaci ma na malam ne kaɗai, daga shi ake kwafa a allo. Kuma da yawa daga cikin yaran nan ba za su kai jami'a ba; abin da suka haddace a firamare da shi za su tsufa, shi za su koya wa 'ya'yansu.

Da muka je makarantar ni da Baba, malamin ya karɓe mu da mutunci. Ya ce: "Baba, ni ma na san Nok na Jaba. Amma daga littafin nan ake fitar da tambayoyi, in na koya musu wani abu daban ni za a zarga." Ban ga laifinsa sosai ba. Sai dai a nan ne ɓarnar take: ana koya wa yaro cewa akwai gaskiyar gida, akwai kuma amsar jarrabawa, kuma ta biyun ce ke kawo maki.

Ina ruwanmu?

Mu ɗaliban Hausa mu ne gobe za a ba aikin fassara da tace rubutu da koyarwa. An horar da mu sosai a kan ƙa'idojin rubutu: mu raba "shi ne", mu haɗa "saboda", mu sa ƙugiya a inda ta dace. Amma jimla tana iya cika duk ƙa'ida ta kuma zama ƙarya. Magabata ba su raina wannan aiki ba. Rupert East da Abubakar Imam, manyan marubutan Zariya na wancan zamani, su suka zauna suka rubuta littafin Ikon Allah don bayyana halittu da Hausa. Yau kuwa littafin yara shi ne ake miƙa wa duk wanda ya fi araha.

Don haka ina ba da shawarwari kamar haka. Na farko, duk wanda aka ba fassarar littafin yara a cikinmu ya binciki kowane suna da adadi da hoto, kada ya tsaya ga ƙamus. Matambayi ba ya ɓata, kuma mahauci da manomi da mafarauci duk malamai ne a fanninsu. Na biyu, idan littafi zai yi magana a kan wata al'umma, a ba ɗan wannan al'umma ya karanta kafin a buga. Na uku, hukumar NERDC da ma'aikatun ilimi na jihohi su daina amincewa da sabon bugu sai an nuna musu abin da aka gyara a ciki. Na huɗu, ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta mayar da wannan aikinta: kowa ya dawo hutu da littafin firamare ɗaya daga garinsu, mu zauna mu tace, mu aika wa masu bugawa jerin gyare-gyare cikin ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kammalawa

Ba a mayar wa ƙanwata makinta ba, domin an riga an shigar da sakamako. Amma malamin ya yarda ya gaya wa 'yan ajin gaskiyar magana, ita kuma ta ɗauki fensir ta rubuta "Kaduna" a gefen shafin, ta kai wa Baba ya gani. Abin da ya rage mini tunani shi ne sauran kwafin littafin da ke hannun yara a wasu garuruwa, waɗanda iyayensu ba su taɓa zuwa sarin citta a Kwoi ba. Su wa zai gyara musu, in ba mu ba?