A Duba Lambar Banki Kafin a Biya

Daga 1863 zuwa 1935, gwamnatin Amurka ta bai wa dubban bankuna izinin fitar da takardun kuɗi masu ɗauke da sunan banki, garinsa da lambar rajistarsa. A ganina, wannan lamba ce ya kamata mai tara tsofaffin kuɗi ya fara dubawa, domin ita ke nuna bankin da ya fitar da takardar. Wani zai ce ai takardar dala 500 ko 1,000 ta fi tsada, kuma da gaskiyarsa, amma ƙarancinta ne ya ɗaga ta, domin kaɗan suka rage. Shi ya sa dala 10 ta bankin ƙaramin gari, idan kaɗan suka rage, tana iya fin dala 100 ta babban bankin New York daraja a gwanjo. Kada yawan sifili ya ruɗe ku.