Jaka ɗaya, jika nawa?

Duk wanda ya zauna rumfar dukawa a Tasawa ko Mayahi ya san wannan gardama. Baduku na cewa majemi ya tsawwala kuɗin fata. Majemi na cewa dillalai sun kwashe fatu masu kyau sun yi Kano da su. Mai karɓar patanti na yanke haraji da ido, ɗan kasuwa kuma na rantsuwa cewa jakar roba ta Sin ta fi araha. Kowa na da hujja, amma babu mai riƙe da lissafi. Tambayi mahukunta jika nawa jakar hannu ɗaya ke ci kafin ta bar hannun baduku, sai ka ji shiru.

Abin takaici ne, domin a nan ne gidan jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Don ita aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963. Masana'antar jima ta Sonitan da kamfanin tattara fatu na SNCP duk sun durƙushe, aka bar ƙaramin majemi da bagaruwarsa yana kokawa da masu jarin Nijeriya. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: fatar ta yi wa baƙo araha, zare da zif da rinin waje suka yi wa baduku tsada. Rufe iyaka a 2019 da takunkumin CEDEAO a 2023 sun sake birkita farashi. Duk da haka ana ci gaba da yin hukunci bisa kintace.

Wasu sun taɓa faɗawa wannan rami. A 1933 gwamnatin Roosevelt ta Amurka ta soma shimfiɗa ƙa'idoji ga sana'o'i fiye da 500, har da ta jakunkunan mata. Da yawa sun hana sayar da kaya ƙasa da abin da aka kashe, sai rigima ta koma kan yadda za a lissafa kuɗin. A 1935 kotun ƙoli ta soke dokar. Darasin a fili yake: doka ba ƙidaya, gini ne ba tushe.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin jaha ba. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da majalisar masu sana'ar hannu, CMANI, su tura ma'aikata gundumomin biyu, da rani da damina, su rubuta kuɗin ɗanyar fata, bagaruwa, karan dafi, ruwa, kuɗin mota, haraji, da kwanakin da baduku da yaransa suka yi bisa jaka guda, domin guminsu ne kullum ake mantawa. Sannan a karanta sakamakon da Hausa a rediyo.

Za a ce dukawa ba su da littafi, kuma suna tsoron lanho. Gaskiya ne. Shi ya sa dole sarakunan sana'a su shiga gaba, a kuma yi alkawari a rubuce cewa amsar mutum ba za ta isa ofishin haraji da sunansa ba.

In ba a yi haka ba, mai babbar murya ne zai ci gaba da cin shari'a, ɗan baduku kuma ya ajiye basilla ya tafi ci-rani. Ranar nan fatar za ta rage, amma babu mai ɗinka ta.