Hanyar Yuraniyam Da Haƙƙin Makiyaya

Tun shekarar 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit da ke arewacin Jamhuriyar Nijar. Saboda shi ne aka shimfiɗa titin da ya tashi daga Tawa ya bi ta Agadas zuwa Arlit. Shekara da shekaru ana jigilar ma'adinin zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin, daga can sai Faransa.

Illar dogaro da ƙofa ɗaya ta bayyana bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Benin, kaya suka maƙale a Arlit. A 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a 2025 kuma ta mayar da kamfanin Somair mallakar ƙasa.

To amma sauya mai lasisi ba ya gyara titi, ba ya kuma share hawayen makiyaya. Filayen da ake ba kamfanoni suna da masu su: Abzinawa da Fulani na kiwo a cikinsu tun kaka da kakanni, kuma dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar musu da 'yancin yawo da dabbobinsu.

Don haka muna kira ga mahukunta, kafin su ba kowa sabon lasisi, su zauna da sarakuna da makiyaya, a shata burtali, a kare rijiyoyi, a biya diyya a bainar jama'a. Sannan a ware wani kaso na kuɗin ma'adinin domin gyaran titin da talakawan yankin ke bi kullum. Rigakafi dai ya fi magani.