*Idan Hajiya ta ajiye allura, a tambayi dalili*



Kaka ta shigo. Gero ya shiga rumbu, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, sanyin asuba ya fara taɓa gwiwa. Lokacin nan ne tsofaffinmu mata suke fito da aikin hannunsu: wata hular da ta fara tun kafin damina, wata ulu da kwarashi tana saƙa wa jika rigar sanyi, a karkara ma har yanzu akwai mai mazari da auduga. Kuma lokacin nan ne, da kuɗin amfanin gona ya ɗan shigo aljihu, za ka ji ɗa ya ce, "Haba Hajiya, me kika rasa? Ki ajiye wahalar nan, mutane za su ce ba ma kula da ke."

Ni dai ban yarda da wannan ba, ko da niyyar mai kyau ce. Aikin hannu ba abin kunya ba ne. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yana ɗinke tufarsa da kansa, Nana Zainab bint Jahsh (RA) kuwa an san ta da sana'ar hannu da yin sadaka da abin da ta samu. Tsohuwar da take ɗinkin hula tana ƙirga zare, tana zaɓen kala, yatsunta suna motsi, maƙwabciya ta shigo su yi hira, in ta sayar ta sayi goronta ba ta roƙi kowa ba. Ka ƙwace allurar ka bar ta da bango, ka ga yadda za ta koma cikin wata uku.

Amma ga inda nake so mu tsaya sosai. In ita da kanta ta ajiye, ba wanda ya hana ta, kada a ce "ai tsufa ne" a wuce. Gwaggona shekara da shekaru tana ɗinkin kube. Bara da kaka muka lura kullum sai ta kira yaro ya zura mata zare a kafar allura, daga baya ta daina gaba ɗaya, ta ce wai ta gaji. Ashe ba gajiya ba ce. Kunya ce ta hana ta cewa hazo-hazo take gani. Mu kuma muka ɗauka ƙurar hunturu ce.

Wani lokacin abin mai sauƙi ne. Daga shekara 40 ido yakan fara kasa ganin abu na kusa, tabarau na karatu kawai ake buƙata. Wani lokacin yanar ido ce, kamar ta gwaggo, ita kuma aikinta a asibiti gajere ne, ba a ma sa mutum barci, kashe zafin wurin ake yi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne hawan jinin ido: yawanci ba ya ciwo, a hankali yake cin gani daga gefe, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Gwaji ne kaɗai yake kama shi da wuri. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, a Kano akwai asibitin ido na Makka da na ECWA, manyan asibitocin jihohi ma suna da sashen ido.

Don Allah a kiyayi masu yawo ƙauyuka suna ture yana da tsinke ko allura. Mutum zai ɗan ga haske da farko a yi ta murna, daga baya ido ya kumbura ya tafi. Haka ɗiga ruwan albasa, ruwan ganye ko zuma a ido. Zuma waraka ce, ba mu musu, a ba tsohuwa ta sha a ruwan ɗumi in ba ta da suga, amma ba ta narkar da yana. Ismidi ya zo a sunna, sai dai yawancin tozalin kasuwa akwai dalma a ciki, kuma ko na asali ne ba zai maye gurbin gwaji ba. Shi Annabin da ya yabi waɗannan shi ne ya umarce mu da neman magani.

Ba ido kaɗai ba. In ta ce ba ta jin allurar a yatsunta, ko tafin ƙafarta yana zafi kamar barkono da dare, ga yawan fitsari da ƙishirwa, a gwada suga da safe kafin ta ci komai. In ya kai 126 ko ya wuce, a ga likita. A auna jini ma, 140/90 da ya ƙi sauka ba abin wasa ba ne. In kuwa farat ɗaya allura ta suɓuce, hannu ɗaya ya saki, baki ya karkace ko magana ta harɗe, to wannan ba iska ba ce, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A yi addu'a a cikin mota, a hanyar asibiti.

Wadda kuwa sanyin gaɓoɓi ne kawai yake damunta, ta tsoma hannu a ruwan ɗumi da safe, a murza mata man zaitun ko man kaɗanya, ta bari sai hantsi ya fito ta zauna inda haske yake, tana yi tana miƙewa. Ɗinkin dare da tocila a bar shi. Kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kisa mutum yana barci.

Ita gwaggo an yi mata ido ɗaya, ana jiran na biyun. Ranar Juma'a na leƙa na tarar ta zura zare da kanta, tana faɗa wai waye ya taɓa mata baƙin zarenta tun bara.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. A tura wa wanda yake da tsoho a gida.