Ado A Sama, Azaba A Ƙasa

Wai shin yaushe za mu daina yaudarar kanmu game da dawakinmu? A wani hawan Sallah ina tsaye bakin titi sai ga wani akawal, an zuba masa ado tun daga ɗan kai har jalala, mahayinsa ya sha rawani yana ta jinjina. Jama'a na kallon sama, ni kuwa ƙasa na duba. Kofatan gaba sun yi tsawo kamar bakin fartanya, ɗaya har ya tsage, duk sanda dokin ya taka da shi sai ya zabura ya ɗaga kai. Wani da ke kusa da ni ya ce wai taƙama ce. Malam, wannan ciwo ne!

Mai karatu, ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, kafin a ɗora sirdi da ƙato. Kofato kuma kullum tofowa yake, kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata. Dokin da ke yawo a jeji ƙasa ce ke cinye masa shi. Namu da ke ɗaure a turke fa? In ba a sassaƙe shi duk sati 6 zuwa 8 ba, baki ya yi tsawo, dunduniya ta kwanta, jijiyar bayan ƙafa ta yi ta shan ja. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, gaɓoɓi su karkace. Ga tsayuwa cikin fitsari da kashi, har tsakiyar kofaton ta ruɓe tana wari. Ga ɗura hatsi gab da Sallah don ya yi ƙiba, wanda kan jawo kumburi a cikin kofato.

Na san za a ce iyayenmu ma haka suka yi. Ban yarda ba. Iyayenmu a kan rairayi suke kilisa, mu kuwa kan kwalta muke sukuwa ranar angwanci. Kuma kofaton da ya lalace kan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin sabo ya sauko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don Allah masu barga, kafin ku sayi sabon linzami, ku durƙusa ku ɗaga ƙafar dokin nan ku duba. Ba shi da bakin kai ƙara, amma haƙƙinsa yana wuyanku.