Kiranyen motocin RAV4 a Amurka: sanarwar da ba ta isowa Najeriya

A watan Nuwamban 2023 kamfanin Toyota ya yi wa motoci ƙirar RAV4 kusan miliyan 1.9 kiranye a Amurka, samfurin 2013 zuwa 2018, saboda fargabar tashin gobara. Wannan samfuri kuwa yana cikin waɗanda dillalan tokunbo ke shigowa da su ta tashoshin jiragen ruwan Legas, kuma masu saye na rububinsa bisa shaidar ƙarko da aka daɗe ana yi wa kamfanin.

Matsalar tana wajen batir. Toyota ya bayyana cewa wasu baturan da ake sauyawa da su ba su kai na asali faɗi daga sama ba. Idan aka sa irinsu, kuma ba a ɗaure ƙarfen da ke riƙe batirin da kyau ba, yana iya gocewa yayin da direba ya sha kwana da ƙarfi, kan batirin ya taɓa ƙarfen, wuta ta tashi. Gyaran da aka tanada shi ne sauya maɗaurin da mazaunin batirin da murfin kansa, ba tare da mai mota ya biya ko sisi ba.

A Najeriya sharaɗin haɗarin ya fi saurin cika. Motar da ta haura shekara bakwai da wuya a same ta da batirinta na farko, kuma a yawancin garejoji farashi ake dubawa kafin girma. Wani lokaci ma da waya ko tsinken roba ake ɗaure shi. Ga ramukan hanya da ke jijjiga mota kullum.

Sai dai wasiƙar kiranye tana zuwa ne ga wanda ya yi wa motar rajista a Amurka. Da zarar an yi gwanjonta ta hau jirgi, hanyar sanarwa ta yanke. Hukumar kwastam tana karɓar lambar shasin kowace mota domin ƙididdige haraji, don haka bayanan da za a gano motocin da kiranyen ya shafa suna hannun gwamnati. Abin da ya rage shi ne a yi amfani da su wajen faɗakarwa, aikin da ya dace da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Kafin nan, mai niyyar saye na iya shigar da lambar shasin mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ya ga ko akwai gyaran da ba a yi ba, sannan ya sa bakanike ya duba girman batirin da ɗaurinsa kafin a biya kuɗi.