Hayaniyar Wayar Wutarmu Ba Irin ta Jamus Ba Ce

'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu 'yan sashen lantarki da ke fama da furojet ɗin fita, akwai wata al'ada da ya kamata mu daina. Duk wanda ya ɗauki batun aika saƙo ta wayar wuta, sai ya buɗe MATLAB, ya zuba wa siginarsa farar hayaniyar Gaus, ya fitar da zane mai kyau ya kai wa malami. Zanen kam ya yi kyau. Sai dai babu wayar wutar da hayaniyarta take haka.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba: wayar da ke kawo wuta gida tana iya ɗaukar bayanai. Wutar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, sai a ɗora mata wata siginar da ta fi ta saurin kaɗawa nesa ba kusa ba. A Turai an ware daga 3 zuwa 148.5 kHz don irin wannan aiki, kuma ta haka mitocin zamani a Faransa da Italiya ke aika wa kamfani lissafin wutar da aka sha. Hayaniya kuwa ita ce duk wani tarkacen lantarki da ke shiga wayar ya dagula saƙon.

Farar hayaniya kamar shuuu ɗin rediyo ce idan tasha ta ɓace, ƙarfinta ɗaya safe da yamma. Ta wayar wuta ba ta da wannan ladabin. A 2002 Zimmermann da Dostert na Jami'ar Karlsruhe a Jamus sun auna, suka kasa ta gida biyar. Akwai ta ƙasa-ƙasa, akwai wadda tashoshin rediyo ke cusowa, akwai ta kayan caji irin na waya da kwamfuta. Mai ɓarnar ita ce wadda ke zuwa kwatsam idan an kunna ko an kashe wani abu. Ba ta wuce ƙiftawar ido, amma tana iya ɗara ta ƙasa-ƙasan da desibel 50, wato ninki dubu ɗari a ƙarfi. Kuma ba ta zuwa ita kaɗai, jerin gwano take yi. Shi ya sa suka yi amfani da sarƙar Markov, mai la'akari da abin da ya gabata.

Masu ƙoƙari a cikinmu kan ɗauko lissafin da David Middleton ya fitar a 1977. Madalla, ya fi Gaus. Amma lissafin yana neman lambobi biyu: yawan bugun hayaniyar, da ƙarfin ta ƙasa-ƙasa idan an gwada shi da na bugun. Daga ina muke samo su? Daga takardar wani da ya auna a gidan da ba a ɗauke wuta.

To mu fa? A layi ɗaya ga mai walda, ga injin markaɗe, ga famfon burtsatse, ga shagon caji mai soket hamsin. Ga haɗin waya da aka murɗa da hannu yana tartsatsi a kan falwaya. Uwa uba lokacin da aka dawo da wuta, firji da fanka da famfo na unguwa guda su tashi a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya tsara gyaran kuskuren saƙo bisa hayaniyar da ba tamu ba, na'urarsa za ta ci maki a kwamfuta, ta yi shiru a kan falwaya. Mitar da ta kasa aika lissafi kuwa, mun san bil ɗin ƙiyasi ke biyo baya.

Na san za a ce babu kayan aiki, babu lokaci. Lokacin kam gaskiya ne, zango ɗaya ba ya isa komai. Amma osiloskof yana nan a ɗakin gwaji. Abin da ya rage ƙaramin haɗi ne na kafasita da 'yar taransifoma, ya tare wutar ya bar hayaniyar ta wuce. Don Allah kada wani ya gwada shi a hostel shi kaɗai, bolt 230 ba abin wasa ba ne. A yi shi gaban ma'aikacin ɗakin gwaji.

Roƙona ga sashe shi ne a bai wa rukuni biyu ko uku wannan a matsayin furojet: su auna soket ɗin bita, na hostel da na wajen masu kwafin takardu, safe da dare, da wutar layi da ta janareta. A ajiye sakamakon a sashe, 'yan aji ɗaya su zo su tarar da lambobin da aka auna a nan.